Samarin Baƙar Fata da Littafi a Amurka

A 1739 wasu bayi suka yi bore a bakin kogin Stono, a Karolina ta Kudu. Aka murƙushe su, aka kashe da dama. Shekara na zagayowa majalisar yankin ta zauna ta tsara dokar da za ta hana a sake, kuma cikin abubuwan da dokar 1740 ta haramta har da koya wa bawa rubutu. Duk wanda aka kama ya yi, tarar fam 100 ce a kansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bawan da ya iya riƙe alƙalami zai rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, ya sa sunan ubangidansa a ƙasa, ya wuce 'yan sintiri.

Bayan shekara 90 abin ya ƙara tsanani. David Walker, wani baƙar fata ɗa, mai sayar da gwanjo a Boston, ya buga ɗan littafi a 1829 yana kiran bayi su tashi tsaye, ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa shigar da shi tashoshin Kudu a ɓoye. A shekarar Jojiya ta hana a koya wa baƙar fata karatu. Karolina ta Arewa ta biyo baya a 1830, ta yanke bulala 39 ga bawan da ya koya wa ɗan'uwansa. A watan Agustan 1831 Nat Turner, bawan da ya iya karatu, yake wa'azi da Baibul, ya jagoranci boren da ya girgiza Bajiniya, sai Alabama ma ta yi tata dokar a 1832.

Ni malamin makaranta ne, samari 'yan shekara 13 zuwa 16 nake koyarwa, shi ya sa labarin yaron da ya girma bai iya karatu ba yakan tsaya mini a rai, ko a wace ƙasa yake. A Amurka yau kowa ya haddace cewa samarin baƙar fata su ne a baya wajen karatu, kuma alƙaluman ba ƙarya suke yi ba. Rahoton da ƙungiyar hukumomin makarantun manyan biranen ƙasar ta fitar a 2010 ya nuna cewa cikin yara maza baƙar fata 'yan aji 4, kashi 12 cikin 100 ne suka kai matakin ƙwarewa a jarrabawar karatu ta ƙasa, alhali fararen yara maza kashi 38 ne. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne bayanin da akan liƙa wa alƙaluman, wai yaran nan dama ba sa son littafi, wai haka gidajensu suke. Babu majalisar da za ta zauna ta yanke tara da bulala a kan abin da mutane ba sa nema.

Frederick Douglass yana da kamar shekara 8 aka kai shi Baltimore yin bauta a gidan Hugh Auld. Matar gidan, Sophia, ba ta taɓa riƙe bawa ba, sai ta fara nuna masa haruffa yadda za ta nuna wa kowane yaro. Da maigidan ya gane, ya tsawata mata a gaban yaron, yana cewa karatu lalata bawa yake yi, in ya iya ba zai ƙara zama a hannu ba. Yaron ya ji, ya kuma riƙe. Daga nan in an aike shi sai ya sa burodi a aljihu, ya ba 'ya'yan talakawan Turawa na unguwa, su kuma su biya masa darasi. Rubutu kuwa a wurin sassaƙa jiragen ruwa ya fara tsintarsa, daga haruffan da kafintoci ke yi wa katako alama da su. Yana kamar shekara 12 ya tara senti 50 ya sayi wani littafin koyon jawabi mai suna The Columbian Orator. A cikinsa akwai muhawara tsakanin bawa da ubangidansa, inda bawan ya ka da shi da hujja har aka 'yanta shi. Littafin nan ba mai sauƙi ba ne. Jawaban 'yan majalisar Ingila ne da na mutanen dā, da kalmomin da suka fi ƙarfin ɗan shekara 12. Ya yi ta kokawa da su saboda a ciki ana maganar halin da shi kansa yake ciki.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya zo bayan haka. An mayar da shi ƙauye, a garin St. Michaels ya shiga koyarwa a wata makarantar Lahadi ta bayi, manyan coci suka zo da sanduna suka watsa ta. Bai daddara ba. Yana gonar William Freeland, bai cika shekara 18 ba, ya sake buɗe wata a ɓoye a gidan wani baƙar fata ɗa, har ɗalibansa suka haura 40. Kowannensu ya san abin da zai samu bayansa in aka kama shi, amma duk Lahadi sai sun zo. Saurayi ne ke koya wa samari 'yan'uwansa, ba albashi, ba allo, ba izini.

A Arewa, inda baƙar fata 'ya'ya suke da ɗan sarari, ƙungiyoyin karatu suka kafa. William Whipper ya jagoranci ɗaya a Filadalfiya a 1828, aka ƙara wata mai laburarenta a birnin a 1833. Kowa ya biya kuɗin ƙungiya, a sayi littattafai, a karanta a fili, a yi muhawara, matashi ya rubuto maƙala manya su yi mata gyara. Ba su ɗauki karatu abin da mutum ke yi shi kaɗai a ƙuryar ɗaki ba.

Akwai kuma waɗanda suka sauka daga jirgin bayi da karatunsu. Umar ibn Said, mutumin Futa Toro, ya shekara 25 yana neman ilimi kafin a kai shi Charleston a 1807. Da ya gudu aka kulle shi a Fayetteville, rubutun Larabcin da ya yi a bangon kurkuku ne ya ja hankalin mutanen gari, kuma a 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Muhammad Ali ɗan Barka Gana, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. An kama shi yana saurayi, aka ƙetara hamada da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha. Da ƙafarsa ya shiga Amurka yana ɗa, ya shiga rundunar baƙar fata ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863, kuma da yaƙin basasa ya ƙare ya bi ƙauyukan Kudu yana koya wa 'ya'yan 'yantattun bayi karatu. A Memphis aka buga tarihinsa a 1873. Duk lokacin da na tuna cewa cikin malaman farko na yaran nan akwai ɗan Borno, nakan ji abin ya shafe ni ta wata fuska ta daban.

Yaƙin bai ma ƙare ba aka fara wannan aiki. Tun 1861 Mary Peake take koyar da gudajjun bayi a gindin wata bishiya a Hampton. Bayan 1865 tsoho da jikansa suka riƙa zama a benci ɗaya, kowa da ɗan littafin haɗa baƙi na Webster mai shuɗin bango. Booker T. Washington yana yaro yana aiki a masana'antar gishiri a Malden, abin da ya fara ganewa a rubuce shi ne lamba 18 da ake rubutawa a gangunan mijin mahaifiyarsa, kafin mahaifiyar ta samo masa wannan shuɗin littafi. A 1870 kusan kashi 80 cikin 100 na baƙar fatan Amurka ba su iya karatu ba. A 1900 sun koma kashi 45, a 1930 kashi 16. Ba gwamnatocin Kudu ne suka yi musu wannan ba. Makarantun da ake kira na Rosenwald, kusan 5,000 a jihohi 15 tsakanin 1912 da 1932, sunan attajirin kamfanin Sears suke ɗauke da shi, amma kuɗin da manoma baƙar fata suka tara da kansu, dala miliyan 4.7, ya fi dala miliyan 4.3 da asusunsa ya bayar. Mutanen da suka riga suka biya haraji ne suka sake sa hannu a aljihu, wani ya ba da fili, wani katako, wani ƙarfinsa.

Carter G. Woodson, wanda ya kafa makon tarihin baƙar fata a 1926, a ramin kwal ya yi samartakarsa a Bajiniya ta Yamma. Wani tsohon soja cikin masu haƙar, Oliver Jones, bai iya karatu ba amma yana sayen jaridu, ya mai da gidansa wurin hira. Woodson ne ke karanta wa dattawan jarida da ƙarfi, a biya shi da abin taɓawa. Su kuma sai su hau muhawara a kan abin da ya karanta, siyasa, yaƙi, farashi, yana zaune yana ji. Sai da ya kai shekara 20 ya shiga sakandare, ya gama cikin ƙasa da shekara 2, ya sami digirin digirgir a Harvard a 1912. Richard Wright kuwa a Memphis laburaren gari ba ya ba baƙar fata aron littafi. Sai ya ari katin wani Bature abokin aikinsa, ya rubuta wasiƙa da hannunsa kamar Baturen ne ya aiko shi, ya karɓo littattafan H. L. Mencken. A duk labaran nan abu biyu nake gani suna maimaituwa: rubutun da ke magana a kan rayuwar saurayin, da kuma jama'ar da ke jiran su ji abin da ya karanto.

To ina aka tsinke? Wuri ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne bayan nasarar da kowa ke alfahari da ita. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, kuma hukuncin daidai ne. Amma da jihohin Kudu suka zo haɗewa, makarantun baƙar fata suka rufe, aka kwashe yaran zuwa na farare, aka bar malamansu a waje. Kafin hukuncin malamai baƙar fata sun kai 82,000. Zuwa 1965 an ƙiyasta 38,000 sun rasa aiki a jihohin Kudu da maƙwabtansu. Waɗannan su ne mutanen da suka san uwar yaro, suke haɗuwa da ubansa a coci, suke iya tsayar da shi a hanya su tambaye shi ina ya tsaya a littafinsa. Makarantunsu na da yoyo, littattafansu kwancen makarantun farare ne, amma babu wanda ya shiga aji da tunanin cewa yaron da ke gabansa ba zai iya ba. Yau maza baƙar fata ba su kai kashi 2 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati a ƙasar ba. Wani bincike da Seth Gershenson da abokan aikinsa suka fitar a 2017 kan ɗaliban Karolina ta Arewa ya gano cewa yaro namiji baƙar fata ɗan gidan talakawa, in ya sami ko da malami baƙar fata ɗaya tsakanin aji 3 da aji 5, yiwuwar ya bar sakandare bai gama ba tana raguwa da kashi 39 cikin 100.

Duk da wannan asara, tazarar ta taɓa raguwa sosai, kuma ya kamata a riƙa tuna haka. A jarrabawar karatu ta ƙasa, 'yan shekara 13 farare sun fi baƙaƙe da maki 39 a 1971. A 1988 maki 18 ne. Ga 'yan shekara 17 ta sauko daga 53 zuwa 20. Masana sun fi danganta hakan da haɗe makarantu a Kudu, da ƙarin kuɗin da aka zuba wa makarantun talakawa, da iyayen da su kansu suka sami ilimi fiye da nasu iyayen. Abin da ya ragu da rabi cikin shekara 17 ba a jini yake ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 ne ci gaban ya tsaya, a daidai lokacin da masana'antu suka riga suka fice daga birane, ƙwaya ta shiga unguwanni, gidajen yari suka cika da iyaye maza.

Gidan yari yana da nasa gurbi a tarihin nan, kuma gurbi ne mai ciwo. Malcolm X yana cikin na gaba a ajinsu a Michigan, ya ce wa malaminsa na Ingilishi lauya yake so ya zama, malamin ya ce masa ya nemi kafinta. Daga aji 8 ya bar makaranta. Sai a kurkukun Norfolk ya zauna ya kwafe ƙamus da hannu, shafi bayan shafi, yana karatu da hasken baranda bayan an kashe fitila. Shekaru 50 bayan haka Reginald Dwayne Betts ya shiga kurkukun manya yana ɗan shekara 16. Yana ɗakin kaɗaici wani ya turo masa littafin waƙoƙin baƙar fata da Dudley Randall ya tattara ta ƙarƙashin ƙofa. Ya fito ya karanta shari'a a Yale, kuma tun 2020 ƙungiyarsa, Freedom Reads, take kafa kantocin littattafai a cikin ɗakunan fursunoni. Ana ba da labaran nan don ƙarfafa gwiwa. Ni ɓacin rai suke sa ni, domin littafin da ya isa hannun yaro ta ƙarƙashin ƙofar kurkuku zai iya isa hannunsa a aji shekara 3 kafin nan.

A 2002 aka sa hannu a dokar da ta tilasta wa kowace makaranta ta riƙa fitar da sakamakon jarrabawa ƙabila ƙabila. Ta yi amfani, don ta hana ɓoye yaran da aka bari a baya. Amma a makarantun talakawa sai darasin karatu ya koma atisayen jarrabawa: guntun sakin layi, tambayoyi huɗu, zaɓi ɗaya. A cikin wannan yanayi ne Alfred Tatum ya fitar da littafinsa kan koya wa samarin baƙar fata karatu a 2005. Shi kansa a rukunin gidajen gwamnati na Ida B. Wells ya tashi a Shikago, kuma ya koyar da 'yan aji 8 a kudancin birnin kafin ya koma jami'a. Maganarsa ita ce, ana ta gardama a kan dabarun koyarwa, an manta da tambayar me ake ba yaron ya karanta. Yakan ce wa saurayi ya lissafa rubuce-rubucen da suka canja masa tunani, waɗanda ba zai manta da su ba, sai ya tarar da yawa ba su da ko ɗaya bayan shekara 8 a makaranta. Douglass yana da nasa, Wright yana da nasa, Malcolm yana da nasa, kuma kowannensu ya zama na wani a bayansa. Wannan silsila ce Tatum ya ce ta yanke, aikin malami kuma ya ƙulla ta. Yana so a sa wa yaran rubutu mai nauyi irin na Walker da Douglass da Wright da James Baldwin, ko da sakin layi ɗaya ne a rana, a tsaya a kan kalmomi masu wuya, a karanta tare, sannan su ɗauki alƙalami su mayar da martani. Ya riƙa tara samari a jami'ar Illinois ta Shikago lokacin dogon hutu don su yi rubutu na kansu.

Na yarda da shi saboda na san yaron da yake magana a kai, ko da nawa a wata nahiya yake. Ɗan shekara 14 da bai iya karatu ba ya ƙware wajen ɓuya. A bayan aji yake zama. In ya hango layin karatu da ƙarfi na matsowa kansa, zai tsokani na kusa da shi don a kore shi waje, domin gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi a gaban sa'o'insa. In ka gano shi ka miƙa masa littafin 'yan aji 2 mai hoton kyanwa, ka sa wa saurayi rigar ɗan yaye ne, ba zai sake zuwa inda kake ba. Marubuci Walter Dean Myers, wanda ya tashi a Harlem, a jakar takarda yake ɓoye littattafan laburare don kada abokansa su gani, kuma ya bar sakandare bai gama ba. Daga baya ya rubuta littattafai fiye da 100, yawancinsu don irin waɗannan samari. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa a 2014 ya rubuta cewa cikin littattafan yara 3,200 da aka buga a 2013, guda 93 ne kawai ke magana a kan baƙar fata.

Sai dai littafi mai kyau shi kaɗai ba ya koya wa yaro haɗa baƙi, kuma a nan nakan rabu da masu ganin cewa da an ba shi labarin da ya dace shi ke nan. Douglass sai da aka nuna masa haruffa. Jihar Misisipi ta yi doka a 2013 da ta mayar da hankali kan koyar da sautin haruffa tun daga tushe, ta sake horar da malamai, ta tura ƙwararru makarantun da suka fi rauni. 'Yan aji 4 na jihar suka tashi daga matsayi na 49 a ƙasar zuwa na 29 a 2019, kuma yara baƙar fata suna cikin waɗanda suka ci riba. Amma a aji 8 ci gaban bai kai haka ba ko kusa. Saurayin da ya riga ya wuce firamare da raunin yana buƙatar abu biyun a lokaci guda: wani ya keɓe da shi, ba a gaban aji ba, ya gyara masa haɗa baƙi da saurin karatu, sannan a cikin aji a ba shi rubutun da ya yi daidai da shekarunsa da hankalinsa. Wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗi da malamai, su ne kuma ainihin abubuwan da makarantun unguwanninsu ba su da su.

A 2016 wasu ɗalibai 7 na makarantun Detroit suka kai jihar Michigan ƙara, suna cewa an tauye musu haƙƙin iya karatu. Takardar ƙarar ta ambaci azuzuwan da ɓeraye ke yawo a ciki, da littattafan da suka tsufa kuma ba sa isa, da wani ɗan aji 8 da ya shafe wata guda yana koyar da lissafi a aji 7 da aji 8 saboda babu malami. A Afrilun 2020 alƙalai 2 cikin 3 na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya suka yanke cewa tsarin mulkin Amurka ya ba kowane yaro haƙƙin samun ilimin da zai kai shi ga iya karatu. Cikin wata guda gwamnar jihar ta yi sulhu da ɗaliban, ta yi alkawarin neman dala miliyan 94.4 don koyar da karatu a makarantun birnin. Kwanaki kaɗan bayan haka cikakken zaman kotun ya janye hukuncin, don haka ba ya ɗaure kowace jiha. Kuɗin kuwa sai a 2023 majalisar Michigan ta amince da su.